Tankin da Ya Karkata

Malam Munzali Yunusa shi ne shugaban sashen ayyuka na wata kwaleji da ke bayan garin Birnin Kudu. Ruwa da wuta, rufin azuzuwa, banɗakuna, magudanan ruwa, har ciyawar filin ƙwallo, duk a wuyansa suke. In komai na tafiya daidai ba mai tunawa da shi. Ranar da famfo ya ƙafe kuwa kowa ya san sunansa, har ɗaliban da suka shigo jiya.

Lantarki ya karanta, kuma ya iya aikinsa. Sai dai mutum ne mai zafin rai, ba ya son a nuna masa abin da zai yi, ba ya kuma tambayar kowa. Masu irin aikinsa a kwalejoji da makarantun kwana na yankin suna da ƙungiya, sukan haɗu su yi bita, su tattauna matsalolinsu, suna da zaure a Wasap. An sha gayyatar Munzali, bai taɓa zuwa ba. An taɓa saka lambarsa a zauren, kafin a gama yi masa maraba ya fice.

"Ƙungiyar cin shinkafa da ɗaukar hoto," in ji shi ga duk wanda ya ɗauko maganar. "Ni aiki ne a gabana."

Amma waɗanda suka san shi sun san ba shinkafar ce ta dame shi ba. Shugaban reshen ƙungiyar shi ne Alhaji Hambali, mai kula da gine-ginen wata makarantar kwana a Gwaram, kuma Munzali ko sunansa ba ya son ji. Tun suna samari suka yi aiki a wuri ɗaya. Wata rana babban janaretan wurin ya ƙone saboda rashin baƙin mai. Da aka kafa kwamitin bincike, Hambali ya ce ya gaya wa Munzali injin na yoyo. Munzali ya rantse ba a gaya masa ba. Kwamiti ya ɗauki maganar Hambali, aka hana Munzali ƙarin girma, abokan shigarsa suka wuce shi. Shekaru sun tafi, kowannensu yana nan a kan bakansa. In sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, sai kowa ya nemi wani gefen tabarma.

A rani kwalejin ta ba da kwangilar sabon tankin ruwa a bayan ɗakin kwanan ɗalibai mata. Ƙarafa huɗu dogaye, an ɗora musu ƙaton tanki a sama. Mataimakin shugaban kwalejin, Dakta Ismail, shi ya kawo ɗan kwangilar, shi ya zaɓi wurin, kuma ba wanda ya nemi ra'ayin sashen ayyuka. Ranar da aka gama aka miƙa wa Munzali makullin ɗakin inji, shi ke nan.

Da damina ta yi tsakiya, aka kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe Hajiya Ummussalma, dattijuwar da ke kula da ɗakin kwanan matan, ta zo ofishinsa da kanta, zaninta duk taɓo.

"Malam Munzali, zo ka ga tankin nan. Ni dai idona bai yarda da tsayuwarsa ba."

Ya bi ta. Tun daga nesa ya ga abin da take nufi. Tankin ya ɗan sunkuyo wajen ɗakin ƙarshe, inda 'yan aji ɗaya ke kwana. Ƙasar da ke gindin ƙafa guda ta tsage, ruwa ya kwanta a ciki. Ya sa aka hau aka ɗaura igiya daga sama, ya ɗaura mata dutse a ƙasa. Igiyar ta tsaya nesa da inda ya kamata ta tsaya. Nan take ya kashe injin bohol, ya buɗe bututun ƙasa, ya tsaya har tankin ya tsiyaye.

Kafin azahar ɗalibai sun fito da bokitai suna zagaye makarantar neman ruwa, wasu na zage-zage. Kafin la'asar Dakta Ismail ya aiko kiransa.

Bai ba shi wurin zama ba.

"Wa ya ba ka izinin zubar da ruwan ɗalibai?"

"Yallaɓai, tankin ya karkata. In aka bar shi da nauyi..."

"Na kira ɗan kwangila. Ya ce kowane sabon gini yakan zauna a damina ta farko. Shi da injiniyansa sun fi ka sanin wannan. Kai me ka karanta?"

"Lantarki, yallaɓai."

"To tanki waya ne? Ka san mako mai zuwa masu tantance kwasa-kwasai za su zo? So kake su tarar da 'yan mata na yawo da bokiti a ka? Ko haushin ba a bi ta ofishinka da kwangilar ba ne ya sa kake neman kunyata mu?"

Munzali ya ɗaga murya. "Ni ba abin da ya haɗa ni da kwangila. Abin da na gani na faɗa. Yara ne ke kwana a ƙarƙashinsa."

"Abin da ka gani." Dakta Ismail ya yi dariyar raini. "An gaya mini tarihinka kafin ka zo nan. Wanda janareta ya ƙone a hannunsa bai gani ba, yau shi ne mai ganin karkacewar ƙarfe. Ka cika tankin nan gobe. In kana da wanda ya san gini da zai ce ba daidai yake ba, kawo shi. In babu, ka yi abin da aka sa ka, ko ka ba da makulli ga wanda zai yi."

Munzali ya fito ko gabansa ba ya gani sosai. Ya koma ofis ya ɗauki waya, ya daɗe yana duba sunaye. A nan ya gane duk shekarun nan bai ajiye kowa ba. Masu sayar da kayan wuta, masu gyaran famfo, direbobin tanka, su ke nan. Ya kira wani abokin karatunsa a Kano, ya ce shi ma wayar wuta ya sani, bai san ƙarfe ba. Ya kira wani jami'i a Dutse, ya ce sai an rubuto ta hannun shugaban kwaleji, shugaban kuwa ya tafi Umara, Dakta Ismail ke riƙe da kujerar.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa Barira ta matsa masa har ya gaya mata. Sai ta ce, "Baban Hafsat, mutanen nan na ƙungiya ba su da masu sanin gini?"

"Kada ki soma."

"Tambaya na yi."

"Wajen Hambali kike so in je? In je in ce masa me? Gara a kore ni."

"A kore ka ba komai ba ne, Allah ba zai hana mu abinci ba. In abin nan ya faɗa kan 'ya'yan mutane fa? Sunan wa za a kira? Na Dakta?"

Ya tashi ya bar mata wurin.

Washegari Asabar ce. Ya shiga makaranta da hantsi don ya sake duba igiyar, sai ya ji ƙarar injin bohol. An fasa kwaɗon ɗakin inji an sa sabo, ruwa na hawa sama. Mai gadi ya ce daga ofishin mataimaki aka turo mutum. Munzali ya juya. Ya zagaya inda wutar ke shigowa, ya zare fiyus ɗin ya jefa a aljihu, ya sake buɗe bututun ƙasa. Ya ce wa Hajiya Ummussalma ta fitar da yaran ɗakin ƙarshe ta raba su a sauran ɗakuna, in an tambaya ta ce shi ya sa. Ya ɗauki hotunan gindin tankin da wayarsa. Ya daɗe zaune a mota hannunsa a kan sitiyari, sannan ya tayar ya kama hanyar Gwaram.

Bai sami Hambali a makarantarsu ba. Aka ce yana gonarsa a Kwandiko. Hanyar ta jiƙe, motar ta kafe a wani kwari, dole ya bar ta ya ƙarasa a ƙafa, takalminsa na ofis na nutsewa a laka. Gero ya fi mutum tsayi ko'ina, ya sha tambaya kafin a nuna masa wurin.

Hambali na tsaye a bakin gonar riɗi, da tsohuwar riga da malafa, yana yi wa 'yan ƙwadago faɗa kan ciyawar da suka bari. Ya juyo ya ga mai zuwa. Ya dube shi daga hula har takalmi.

"Salamu alaikum," in ji Munzali.

"Wa alaikumus salam. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To ɓatan hanya ka yi. Birnin Kudu tana can baya."

Munzali ya matso. Ya ciro waya ya miƙa. "Ba wajenka na zo ba. Wajen shugaban ƙungiya na zo. Dubi wannan."

Hambali bai karɓa da wuri ba. Sai da ya goge hannunsa a riga, a hankali, kamar ba abin da ke gabansa. Da ya karɓa ya ga hoton farko, fuskarsa ta canza. Ya matsa inuwar wata ɗorawa, ya buɗa hoton da yatsu.

"Su wa ke cikin ɗakin nan da ke ƙarƙashinsa?"

"Yara. Na sa an fitar da su."

"Ruwa fa?"

"Na zubar. Sun fasa ɗakin inji sun kunna, na cire fiyus."

"Kafin a kafa shi me ke wurin?"

"Ban sani ba. Ba a tambaye ni ba."

"Ba a tambaye ka ba, kai kuma ba ka leƙa ba. Ana haƙa rami a cikin makarantarka kana ofis kana fushi." Hambali ya girgiza kai. "Halinka bai canza ba."

"Ban taho daga Birnin Kudu don ka karanta mini halina ba. In za ku taimaka ka faɗa, in ba za ku yi ba in koma."

"Mu wa? 'Yan cin shinkafa? Ai duk abin da kake faɗa yana iso mu. Ƙungiya ta 'yan ƙungiya ce, Malam Munzali. Mutane na barin iyalinsu ranar hutu suna zuwa taro, suna koya wa juna abin da suka sani, kai kana zaune kana zaginsu. Yau da ta matse ka ka tuna da hanya."

"Wato sai na durƙusa maka."

"Durƙusonka me zai ƙara mini? Ko riɗin nan ba zai sa ya yi 'ya'ya ba."

'Yan ƙwadagon sun daina aiki suna kallo. Hambali ya daka musu tsawa suka sunkuya. Ya tura hotunan zuwa wayarsa, ya ɗaga ta sama yana neman sabis, ya taka har kan wani suri. Munzali ya ji shi yana tura saƙon murya a zauren ƙungiyar, muryarsa ta koma ta aiki, ba zagi ba ba'a. Ya faɗi tsayin ƙarafan, da irin ƙasar, da yadda igiya ta nuna, ya ce ana neman mai sanin tushen gini da gaggawa.

Ba a jima ba wayar ta fara ƙara. Wani daga Haɗeja ya ce a kewaye wurin da igiya kada kowa ya matso. Wani ya ce ya taɓa ganin irin haka, a binciki ko akwai tsohon rami a wurin. Wani daga wata makaranta a Maruta ya ce yana da tankunan roba na ƙasa da ba ya amfani da su, in ana so a zo a ɗauka. Sai wata murya ta mace, a natse, ta ce sunanta Injiniya Nasiha, tana Dutse, gobe da safe za ta zo da kayan awo, amma kada a sake ɗiga ko cokali na ruwa a tankin.

Munzali ya tsaya yana sauraro. Bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya ji wani abu mai kama da kunya, ya kuma ji haushin jin kunyar a gaban Hambali.

Hambali ya sauko daga surin ya miƙa masa wayarsa. "Ba don kai na yi ba, ka riƙe wannan. Don 'ya'yan mutane na yi. Amma Injiniya ba za ta sa hannu a rahoto da sunan ƙungiya don wanda ba ɗan ƙungiya ba. Za ka shiga. Kuma taro mai zuwa za ka tashi a gaban kowa ka ba da labarin tankin nan, har da inda ka yi sakaci, don wani ya koya."

"Sakaci na ɗan kwangila ne."

"Ka faɗi haka a can, su za su gaya maka."

Munzali ya dube shi ido cikin ido. "Na shiga. Amma kada ka ɗauka wani abu ya wuce tsakanina da kai."

"Ni ma ban ce ya wuce ba."

Ko ruwa bai ba shi ba. Sai dai da Munzali ya kai inda motarsa ta kafe, ya tarar an riga an turo masu shanu biyu suna jiransa da igiya. Bai tambayi wanda ya turo su ba.

Injiniya Nasiha ta iso da hantsi, mace gajera mai gilashi, ta ɗora hular kwano a kan mayafinta. Hambali ma ya zo a motarsa, ya tsaya gefe ya harɗe hannu. Ta kafa na'urarta ta auna ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta. Sannan ta sa leburori su haƙa gefen ƙafar da ta nutse. Diga ba ta yi nisa ba kankaren ya ƙare. Ƙarƙashinsa baƙar ƙasa ce mai laushi, da fasassun bulo da tsummoki da ledoji, ga wari na tashi.

"Tsohon ramin sokawe na banɗaki ne aka cike da shara," in ji ta. "A kansa aka dasa ƙafar nan. Sauran ukun ma tushensu bai kai rabin yadda ya kamata ba."

Ana cikin haka Dakta Ismail ya iso, da alama daga gida aka kira shi, ko hula bai sa ba.

"Su wane ne waɗannan? Wa ya ba ku izinin haƙa a harabar kwaleji? Malam Munzali, ka kwaso 'yan iskan gari ka kawo mini makaranta?"

"Yallaɓai, kai ka ce in kawo wanda ya san gini."

Injiniya Nasiha ta gaishe shi da ladabi, ta faɗi sunanta da inda take aiki, ta nuna masa ramin. Bai leƙa ba.

"Injiniyan ɗan kwangila ya riga ya duba ya ce lafiya lau."

"To a kira shi, ranka ya daɗe, ya zo mu tsaya a bakin ramin nan tare. In ya yarda ya sa sunansa a takarda cewa a cika tankin, ni zan tattara kayana. Nawa rahoton dai zan rubuta shi yau, da sunana da lambar rajistata. Ƙa'idarmu ce in akwai haɗari ga rai mu aika wa hukumar gudanarwar makaranta da ma'aikata. Ba na ɓoye maka ba ne, shi ya sa nake faɗa a gabanka."

"Barazana kike yi mini?"

Hambali ya sauke hannunsa ya matso. "Ba barazana ba ce, Dakta. Mu ba ruwanmu da wanda ya ba da kwangila. Mutumin nan," ya nuna Munzali da haɓa ba tare da ya dube shi ba, "ni ba shiri muke ba, kowa ya sani. Amma abin da ya yi shi ne daidai, kuma ɗanmu ne. In aka taɓa shi a kan wannan, za mu zo, kuma ba mu kaɗan ba ne."

Dakta Ismail ya kira ɗan kwangila a gabansu. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka ce a kashe take. Ya juya ya shiga mota, ya buga ƙofa da ƙarfi.

Kafin masu tantancewa su zo an yanke ƙarafan an sauke tankin. Tankunan roba sun iso daga Maruta a bayan akori-kura, an jera su a kan dakali nesa da ginin, Munzali ya ja musu bututu da kansa. Wani ɗan ƙungiya ya nuna masa yadda zai raba lokutan tura ruwa don ya ishi ɗakunan duka. Baƙin suka zo suka tafi, ba wanda ya yi maganar ruwa.

Dakta Ismail bai yafe ba. Ya ba Munzali takardar tuhuma kan shigo da baƙi ba izini da lalata kayan wuta. Da shugaban kwaleji ya dawo ya karanta rahoton Injiniya Nasiha, sai maganar tuhumar ta mutu ba tare da kowa ya ce an janye ta ba. Ɗan kwangilar ma ba a sake jin an ce masa komai ba. Abin da ya rage shi ne gaba. Duk buƙatar da ta fito daga sashen ayyuka sai ta kwana a teburin mataimaki. An karɓe motar sashen an ba wani ofis. In Munzali ya gaishe shi a masallaci, sai ya amsa yana kallon wani wuri. Wasu malamai ma suka riƙa cewa Munzali ya tona asirin makaranta a waje.

Taron ƙungiya ya zo bayan an fara yankan gero, a wani ɗakin taro a Gwaram. Munzali ya je da niyyar ya faɗi nasa a taƙaice ya fita. Bai samu yadda yake so ba. Da ya ce ba a tambaye shi ba lokacin kafa tankin, wani dattijo ya katse shi.

"Malam, ba jira ake a tambaye ka ba. Duk ramin da za a haƙa a makarantarka, ka je ka tsaya a kansa ko ba a so. Haka muke yi."

Wasu suka goyi bayan dattijon, wasu suka ce ba kowane shugaba ke barin haka ba, gardama ta kaure. Hambali na zaune a kan teburin gaba yana kallo, da alamar abin na yi masa daɗi. Munzali ya sha tambayoyi har gumi ya jiƙa masa riga. Amma da aka zo kan maganar allunan wuta na injinan bohol da ke yawan ƙonewa a damina, sai ya ga ɗakin ya yi tsit, ba mai amsa mai kyau. Ya tashi ba a kira shi ba, ya karɓi alli ya zana musu inda kuskuren yake, da abin da za a ƙara don tsawa ta daina cin su. Mutane suka ciro waya suna ɗaukar allon.

Da ya gama bai zauna ba. Ya juya wajen teburin gaba.

"Tunda an ce kowa ya faɗi gaskiya, ni ma ina da tawa. An yi rabin yini a nan ana gaishe-gaishe da jawabin shugaba kafin a zo kan aiki. Mutane sun taho daga nesa. Wannan ɓata lokaci ne."

"Jiya ka shigo," in ji Hambali, "yau za ka gyara mana tsari?"

"Ba ku ce sai wanda ya shekara zai yi magana ba. Yaushe ne zaɓe?"

Ɗakin ya ɗauki hayaniya, wasu na dariya, wasu na cewa a yi haƙuri. Sakatare ya ce zaɓe sai baɗi. Hambali ya ce duk mai so ya fito, zai same shi a nan. Munzali ya ce zai fito.

A waje, ana raba abinci, wani mutum siriri ya tare shi, ya ce sunansa Malam Ahmad, daga wata makarantar kwana a Dingaya. Allon injinsu ya ƙone sau biyu a daminar nan, yanzu yara daga rafi suke ɗebo ruwa, kuma zanen da aka yi a ciki bai gama ganewa ba.

"Akwai nisa daga nan?" in ji Munzali.

"Ba sosai ba, sai dai hanyar ba kyau."

Munzali ya duba rana, ya ga da sauran lokaci kafin la'asar. Ya kira Barira ya ce kada a jira shi da abinci. Ya buɗe bayan motarsa ya tabbatar akwatin kayan aikinsa na ciki, ya ce wa Malam Ahmad ya shigo gaba ya nuna masa hanya.